Shimfiɗar Alhaji a Tantin Mina

Kwana a Mina a dararen Tashriƙ wajibi ne a wurin mafi yawan malamai, amma shari'a ba ta ƙayyade abin da alhaji zai kwanta a kai ba. Wasu na ganin katifa mai laushi tana rage lada, tunda shimfiɗar Annabi (SAW) fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Sai dai Imam Shaɗibi ya bayyana a littafinsa Muwafaƙat cewa ba a neman wahala don kanta. Dattijo mai ciwon baya gara ya nemi siririyar katifa da matashin kai, domin jifa da ɗawafi na jiransa.

Abin kiyayewa shi ne faɗinta. Wurin kowa a tanti kaɗan ne, kuma shimfiɗar da ta ci rabon maƙwabci ta zama zalunci.