Sabbin Kayan Rubuta Manhaja da Mas'alar Lamuni a Ƙasar Adar

Tun daga shekarar 2021, lokacin da kamfanin GitHub ya fito da Copilot domin gwaji, sannan kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, sana'ar rubuta manhaja, wato tsara jerin umarnin da kwamfuta ko wayar hannu ke bi wajen gudanar da wani aiki, ta shiga sabon yanayi. Waɗannan kayan aiki, da ake kira ƙirƙirarriyar basira, an horar da su ne a kan tarin rubuce-rubucen da mutane suka riga suka yi, don haka idan aka bayyana musu abin da ake so, sai su kirdado jerin umarnin da ya fi kama da amsa, su zubo shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abu biyu ne masu sana'ar suka fi ambata bayan sun gwada su: aikin yini yana iya ƙarewa kafin azahar, kuma abin da suka zubo yakan zo a tsare ko da akwai kuskure a cikinsa, ta yadda ido ba ya saurin kama shi.

Wannan batu ya shafi jihar Tawa kai tsaye, domin tun da aka kafa jami'ar birnin Tawa a 2010, wadda a yau take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, matasan yankin suna ƙara shiga harkar kwamfuta, kuma a garuruwa irin su Kalfu, inda cin rani zuwa Abijan da Libiya da Najeriya ya daɗe da zama ginshiƙin rayuwa, kuɗin da magidanci ke aiko wa iyalinsa yana bi ne ta cikin manhajar da mai karɓa bai taɓa ganin cikinta ba. Tambayar da ke tasowa ita ce: idan na'ura ce ta rubuta umarnin, mutum kuma ya karɓa ya miƙa wa jama'a, sai ɓarna ta auku, a wuyan wa alhakin yake?

Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi a kan cewa taklifi, wato ɗora wa halitta nauyin umarni da hani, yana rataye ne da hankali da balaga, saboda haka abin da ba shi da niyya ba ya samun lada, ba ya kuma ɗaukar zunubi. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantawa a zaurukan Adar, ta ƙara wani hukunci da ya fi kusa da wannan mas'ala, wato lamuntar da masu sana'a. Asalin ƙa'ida shi ne wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci, amma aka keɓe maɗinki da marini da makamantansu, aka ce su biya abin da ya salwanta a hannunsu bayan sun ɓace da shi daga idon mai shi, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, sai fa in hujja ta tabbatar da cewa ba su da hannu a ciki. Dalilin hukuncin shi ne maslaha, domin jama'a ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, kuma ba su da hanyar ganin abin da ke faruwa a bayan idonsu. Wannan dalili ya fi ƙarfi a sha'anin manhaja, tun da mai riga yana iya duba ɗinki ya gane karkata, amma tsohuwar da ta je karɓar saƙon ɗanta ba ta da yadda za ta duba lissafin da aka yi mata.

Akwai kuma kurakuran da ɗan ƙasa kaɗai zai iya hangowa, saboda na'urar ta koyi yawancin abin da ta sani daga rubutun da aka yi domin wasu ƙasashe. A kasuwannin Nijar ana ƙirga kuɗi da dala, wadda take daidai da sefa 5, don haka wanda ya ce ɗari yana nufin sefa 500, kuma manhajar da ta ɗauki maganarsa a kan zahirinta za ta rage masa kashi huɗu cikin biyar na haƙƙinsa. Haka nan dattawa da yawa takardunsu shekarar haihuwa kawai suka nuna bisa kirdado, alhali umarnin da na'ura ta saba zubowa yana neman rana da wata kafin ya karɓi sunan mutum.

Mai ja da wannan ra'ayi zai iya cewa babu mai rubuta manhajar da ya san cikin kowane kayan da yake aiki da su, kuma dogaro da aikin wani ba laifi ba ne. A nan ne bahasin taƙlidi, wato bin maganar wani ba tare da sanin hujjarsa ba, yake da amfani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, ya kare imanin talakawa daga ɗaliban ilmin tauhidi da ke kafirta su don ba su iya kawo hujjoji ba, amma sauƙin da ake yi wa mai tambaya ba a yi wa mai ba da fatawa. Mai amfani da manhaja yana matsayin mai tambaya ne, mai rubuta ta kuwa ya hau buzun mai amsawa, don haka ba a neman ya san komai, amma ana neman ya karanta abin da zai miƙa, ya gwada shi da misalan da suka dace da mutanensa, ya kuma iya bayyana dalilin kowane sashe idan an tambaye shi. Shari'ar zamani ma a nan ta tsaya, domin a 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dalar Amurka 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in ƙarya da ChatGPT ya ƙaga musu, kuma ba ta karɓi uzurin cewa na'ura ce ta yi ba.

Hukuncin da ya fi dacewa shi ne amfani da waɗannan kaya halal ne, har ma abin so ne ga matashin da ba shi da babban malami a kusa, da sharaɗin ya fara ƙwarewa a tushen sana'ar har ya iya rarrabe daidai da kuskure. Wanda ya karɓi lada a kan aikin da bai iya dubawa ba ya ci kuɗin amanar da bai riƙe ba, kuma duk ɓarnar da ta biyo baya tana wuyansa.