Shurin Bindiga da Haƙƙin Dabbar da Ake Farauta

Masu farautar manyan namun daji sun daɗe suna jayayya a kan wata tambaya wadda a zahiri ta shafi ƙarfe da katako da kafaɗar ɗan Adam, alhali asalinta tambaya ce ta ɗabi'a da addini, wato shin maharbin da yake neman hanyar rage shurin bindigarsa ragwanci ne ya kama shi, ko kuwa wani haƙƙi ne da ke wuyansa yake saukewa. Abin da ake nufi da shuri shi ne turin da bindiga take yi wa mai riƙe da ita a daidai lokacin da harsashi ya fita, kuma matsayin da wannan maƙala ta tsaya a kansa shi ne cewa rage shi wani ɓangare ne na kyautatawar da ake bin maharbi, domin wadda ta fi shan wahalar bindigar da ta fi ƙarfin mai ita ita ce dabbar da aka auna.

Dalilin shuri sananne ne tun daga dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687, waɗanda ta ukunsu ta nuna cewa duk turin da wani abu ya yi wa wani, na biyun yana mayar masa da kwatankwacinsa ta ɗaya ɓangaren. Idan albarushi ya kama wuta, iskar da ta taso tana ingiza harsashi gaba, tana kuma ingiza bindigar baya, kuma abin da ya sa maharbi ba ya halaka shi ne nauyin bindigar ya ninka na harsashin sau ɗaruruwa, don haka tafiyarta baya ba ta da sauri. Harsashin .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, nauyinsa yakan kai kusan giram 19, yana fita da gudun kimanin mita 770 a sakan ɗaya, bindigar da ta ɗan haura kilo 4 kuwa tana komowa kafaɗa da gudun kusan mita 5 a sakan, shurin da ƙarfinsa ya kusa ninka na harsashin .30-06 da sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906. Ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka sun sa wannan girma na .375, ko abin da ya yi kusa da shi, a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari ɓauna ko giwa da shi, saboda haka mai wannan farauta ba shi da mafita daga shuri mai tsanani.

Illar shuri ba ta tsaya ga ciwon kafaɗa ba. Jikin da ya sha duka sau da yawa yana koyon jiran dukan, sai ya zamana tun kafin yatsa ya gama jan kunama ido ya runtse, kafaɗa ta zabura gaba, bakin bindiga ya sauka ko ya karkace, kuma duk wannan yana faruwa ba tare da maharbin ya sani ba, domin ƙarar harbin da shurin suna rufe motsin. Masu koyar da harbi suna gano wannan zabura ne ta hanyar cusa harsashin da ba ya tashi a cikin masu tashi ba tare da sanin ɗalibi ba, idan ya ja kunama bindiga ba ta tashi ba sai ya ga yadda hannunsa ya fizge ta. Karkacewar da ba ta kai faɗin yatsa ba a bakin bindiga tana zama tazara mai yawa a nisan mita 100, wato bambancin da ke tsakanin harsashin da ya huda zuciya da huhu, dabba ta faɗi ba da jimawa ba, da wanda ya shiga ciki ko ya karya ƙafa, ta tsere da rauni ta kwana tana shan azaba.

A nan ne maganar ta shiga hurumin shari'a. Musulunci ya halatta farauta, Suratul Ma'ida ta ambaci halaccin abin da dabbobin da aka horar suka kamo, ta kuma haramta dabbar da aka buge ta mutu. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya bambanta tsakanin makamin da ya huda da tsininsa da wanda ya buge da faɗinsa, kuma a kan wannan ma'auni ne malaman Malikiyya na baya, irin su Shaihu Dardir wanda ya rasu a 1786, suka halatta abin da aka harba da harsashin dalma, tunda yana hudawa yana zubar da jini fiye da kibiya. Sai dai halacci ba ya ɗauke wajibcin ihsani, wato yin abu ta fuska mafi kyau, domin hadisin Shaddadu ɗan Ausi a Sahihu Muslim ya nuna cewa an wajabta kyautatawa hatta a wajen kisa da yanka, ya kuma umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Idan wasa wuƙa haƙƙin dabba ne a kan mahauci, to gyara bindiga har ta zama mai ita yana iya sa harsashi inda ya nufa haƙƙinta ne a kan maharbi. Bugu da ƙari, abin da ya shahara a mazhabar Malik shi ne cewa naman da ya ɓace wa maharbi har ya kwana ba a cin sa, don haka harbin da ya kauce yana haɗa azabtar da rai da ɓarnar abinci.

Hanyoyin rage shuri kansu suna koyar da wani abu game da ƙarfi, domin babu ɗaya daga cikinsu da take kyauta. Ƙara wa bindiga nauyi yana aiki sosai, tunda idan nauyinta ya ninka ƙarfin shurin yana raguwa da rabi, amma maharbin zai yini yana ɗauke da ita a daji. Matashin roba da ake sa wa gindin bindiga yana shimfiɗa dukan a kan lokaci mai ɗan tsawo da fili mai ɗan faɗi, sai jiki ya ji shi kamar turi maimakon naushi, kuma katakon da aka yanka daidai da tsawon hannu da kuncin mai shi yana hana bindiga tashi ta bugi fuska. Rage albarushi ko nauyin harsashi yana sauƙaƙa atisaye, sai dai yana da iyakar da idan aka wuce ta harsashin ba zai ratsa ƙashin babbar dabba ba. Akwai kuma wani ƙarfe mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bindiga, wanda yake karkatar da iskar albarushi gefe da baya, yana rage shuri ƙwarai, amma yana ƙara wa harbin ƙara a kunnen duk wanda ke tsaye kusa, kuma mafi yawan lokaci waɗanda ke kusa su ne masu bin sawu da masu ɗaukar kaya, waɗanda ba kasafai suke da abin toshe kunne ba. Ƙa'idar fiƙihu ita ce ba a kawar da cuta da wata cuta irinta, saboda haka maharbin da ya sayi sauƙin kafaɗarsa da jin ma'aikatansa bai kyautata ba, sai fa idan ya tanadar musu kariya.

Masu ganin jure shuri jarumta ce suna da hujjar da ba za a raina ba, domin gaskiya ne cewa wanda zai tsaya gaban ɓaunar da ta ji rauni yana bukatar zuciya, kuma bindigar da ta yi ƙanƙanta ga aikinta ita ma zalunci ce ga dabba. Amma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana jarumta a matsayin tsaka-tsaki tsakanin tsoro da ganganci, ya kuma sa hankali ya zama alƙalin da yake nuna inda tsakiyar take. Bisa wannan ma'auni, ɗaukar bindigar da mutum yake tsoronta a ɓoye don kada abokai su ce ya gaza ganganci ne da girman kai ya haifa, ko da kuwa mai yin sa yana kiran sa juriya. Tarihin farautar Afirka ma ya nuna cewa inda harsashi ya sauka ya fi girmansa muhimmanci, domin W. D. M. Bell, mutumin Sikotilan da aka fi sani da Karamojo Bell, ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, mafi yawansu da ƙaramin harsashi mai faɗin milimita 7, saboda ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa har ya san inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska. Kisan da ya yi don hauren giwa ba abin koyi ba ne, kuma dokokin yau sun hana irin wannan ƙaramin harsashi a kan giwa, amma shaidar da ya bari game da fifikon sani da natsuwa a kan ƙarfi tana nan.

Abin da ya rage shi ne mutum ya yi wa kansa hukunci na gaskiya, kuma wannan ya fi sayen kowane matashin roba wuya. Dabbar ba ta da bakin kai ƙara, sau da yawa kuma babu wanda ya ga inda harsashin ya sauka sai maharbin da Ubangijinsa, don haka babu abin da zai tilasta masa yin atisaye a kan abin da ba shi da rai, ko amincewa cewa wata bindiga ta fi ƙarfinsa, ko janye yatsa daga kunama idan nisa ya yi yawa, in ban da tsoron Allah. An hana mai da abu mai rai abin gwajin harbi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim daga Ibnu Abbas, kuma maharbin da ya fita daji bai san inda bindigarsa take kai harsashi a hannunsa ba ya kusanci wannan hani, tunda a jikin dabba yake gwajinsa. Wanda bai iya mallakar bindigar da doka ta sharɗanta wa ɓauna ba, abin da ya kamace shi shi ne ya bar ɓauna har sai ya iya, domin izinin ɗaukar rai da aka ba ɗan Adam yana tare da sharaɗin ya yi shi da mafi ƙarancin azabar da yake da ikon kaiwa gare ta.