Kada Ka Zaunar da Tsohuwarka

Ɗana, idan mahaifiyarka ta haura sittin, ka rage yawan "Hajiya, zauna ki huta" duk sanda ta ɗauki tsintsiya. Kai kana ganin biyayya ce, alhali ƙashinta kake cuta.

Ƙashi yana da rai. Kullum jiki na rushe tsohon yana gina sabo. Ƙarfinsa yakan kai maƙura wajen shekara 30, daga baya rushewa ta fara rinjaye, ga mace kuwa abin yakan yi gudu bayan ta daina al'ada. Abin da ke tilasta wa jiki ci gaba da ginin shi ne nauyin da ƙashi ke ɗauka da jan da tsoka ke yi masa. Likitan nan Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana haka tun 1892. 'Yan sama jannati, da ba sa taka ƙasa, sukan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙashin ƙugu duk wata.

Saboda haka kada sikeli ya ruɗe ka. Rama sosai hatsari ce, wannan gaskiya ne. Amma tsoho mai tumbi da siraran cinyoyi ba lafiya gare shi ba, ko da mutane na cewa hutu ya karɓe shi. Tsoka ta tafi, kitse ya gaji wurinta. Ka lura da yadda Hajiya take tashi daga sujada: idan sai ta dafa bango, ta ja numfashi, sannan ta miƙe, cinya ta fara gazawa, faɗuwa kuma na kusa. Cikin tsofaffin da suka karye a ƙugu, kusan ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara.

Ki ji ni ke ma, 'yata, mai shan maganin ƙiba na kemis. Ire-irensu dexamethasone suna kumbura fuska da ciki, suna cinye tsoka da ƙashi tare. Wallahi ba kyau kike saye ba.

Ku bar Hajiya ta taka zuwa gidan maƙwabta, ta sha hantsi, ta tashi daga kujera ba tare da dafawa ba sau da dama a rana. A kwanonta a samu wake, ƙwai, kindirmo, zogale da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. In kuwa tsayinta ya ragu, ko ɗan tuntuɓe ya karya mata wuyan hannu, bayan ɗori ku kai ta asibiti, ku tambayi likita gwajin ƙarfin ƙashi da ake kira DXA.