Wa Zai Kai Bakwaini Asibiti?

Akwai maganar da akan faɗa ƙasa-ƙasa idan aka haifi bakwaini a gidan talaka: "A bar wa Allah." Wani lokaci bangaskiya ce take magana. Sau da yawa kuwa aljihu ne, gama maigida ya riga ya lissafa kuɗin mota da na gado da na magani, ya dubi rumbunsa da sauran 'ya'yansa, ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Shin mutumin nan ya yi zunubi? In kuwa akwai alhaki, a wuyan wa yake?

Ikkilisiya ba ta ɗora wa mutum kayan da ba zai iya ɗauka ba. A shekarar 1957 Paparoma Pius na 12 ya bayyana cewa wajibinmu shi ne mu nemi magani ta hanyoyin da aka saba, waɗanda ba su zama nauyi mai tsanani ga mutum ko iyalinsa ba. Saboda haka kada mu yi saurin shari'anta uban da ya rasa yadda zai yi. Amma da wane mudu ake auna nauyin nan? In da aljihun mutum ɗaya ne, ko kuɗin man fetur zuwa birni ya isa ya gagare shi, balle tun da aka janye tallafin mai a 2023. In kuwa da ƙarfin jama'ar da suke durƙusawa tare da shi kowace Lahadi ne, abin bai kai farashin akuya biyu ba. A ganinmu da mudu na biyu ya kamata Kirista ya auna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai kimanin miliyan 13 da dubu 400 kafin cikinsu ya cika mako 37, ta kuma ce yawancin waɗanda suke mutuwa za a iya cetonsu da abubuwa masu sauƙin kuɗi: ɗumi, nonon uwa, da maganin cuta a kan lokaci. Ba kowane bakwaini ne yake bukatar a sa shi a kwalba ba. Tun 1978 likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya suka fara ɗaura jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dabarar da ake koyarwa yanzu a asibitocinmu. Amma wanda numfashinsa yake sarƙewa, ko ya kasa kama nono, ko idonsa ya yi shawara, dole ne a kai shi inda akwai ma'aikata da kayan aiki. A hanya ne sanyi yakan kama shi, musamman a kan acaɓa cikin hunturu. Don haka a ƙirjin uwa ko na uba ya kamata ya yi tafiyar, an rufe kansa da hula.

Mu tuna da Basamariyen nan na Bisharar Luka sura 10. Bai tsaya ga ɗaure raunuka kaɗai ba. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya biya dinari biyu a masauki, ya kuma yi alkawarin cika sauran in ya dawo. Abin hawa, da kuɗin hannu, da dawowa. Mu kuwa mun iya barka da suna, mun iya zaman makoki (abin da muke kashewa a wajen jana'iza kaɗai ya isa a yi nazari), amma a tsakanin nan, inda rai yake reto, sai a iske uwa ita kaɗai a barandar asibiti har mako uku ko huɗu, ba mai kawo mata kunu, ba mai duba yaran da ta bari a gida.

Katikis yana iya yi wa jaririn baftisma cikin gaggawa, haka ma kowane mutum idan rai yana cikin haɗari, wannan kuwa daidai ne. Sai dai da zarar an zuba ruwan nan, yaron ya zama ɗan'uwanmu, kuɗin motarsa kuma ya shiga lissafinmu. Majalisar kowace ikkilisiya tana iya keɓe wani abu daga baikon godiyar kaka, ta sa shi a hannun mutum biyu amintattu, ɗaya daga Zumuntar Mata, ɗaya daga ƙungiyar Vincent de Paul, waɗanda za a iya tashe su da tsakar dare ba sai an jira taro ba. A kuma san masu mota ko Keke Napep da suka yarda a buga musu ƙofa, a rubuta sunayensu a wurin katikis na kowane ƙauye. Kuɗin kuma ya haɗa da na komawa awo bayan an sallame su, domin a nan ne iyalai da yawa suke gajiya su daina zuwa.