TAMBAYAR MATASA A KAN HANYAR SAMUN DUKIYA MAI YAWA

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai wata tambaya da matasanmu suke yawan yi mana, wani lokaci a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, wani lokaci a zauren karatu idan manya sun watse. Sukan ce: "Malam, wace sana'a ce mutum zai kama ya tara kuɗi masu yawa?" Da yawa daga cikinmu mukan ce musu su yi haƙuri, arziki na Allah ne, sai mu wuce. Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta isar yaro mai shekara 20 wanda ya ga tsaransa ya dawo daga wurin haƙar zinariya da sabuwar mota, shi kuwa takardar bak tana cikin akwati tana shan ƙura. In ba mu ba shi cikakkiyar amsa ba, zai je ya same ta a bakin ɗan caca, ko a bakin mai ɗaukar mutane zuwa Libiya. Saboda haka muka ga ya wajaba mu tsaya a kan wannan al'amari.

Shin burin dukiya laifi ne?

Farko dai, Musulunci bai hana neman dukiya ba, kuma bai sanya mata iyakar da ba a wucewa ba. Sayyidina Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu wofi. Ɗan uwansa na Ansaru, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa. Ya fara da cinikin cuku da man shanu, har ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai, kuma yana cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna. Sayyidina Usmanu ɗan Affan da dukiyarsa ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, da ita kuma ya shirya babban sashe na rundunar Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira. Zakka da aikin hajji, rukunai 2 daga cikin 5, ba su hawa kan mutum sai yana da hali.

Amma Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Ƙaruna a cikin Suratul Ƙasas. Mabuɗan taskokinsa kawai suna yi wa ƙarfafan mutane nauyi. Ya jingina arzikinsa ga saninsa, ya fito wa mutanensa cikin ado, masu son duniya suka yi ta fatan da ma su ne shi. Da ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, waɗannan masu fata su ne suka wayi gari suna gode wa Allah da bai ba su irin nasa ba. Abdurrahman da Ƙaruna duka attajirai ne, yawan dukiya bai raba su ba. Abin da ya raba su shi ne tambayoyi biyu da hadisi ya tabbatar za a yi wa kowane bawa a kan dukiyarsa ranar alƙiyama: ta ina ya same ta, kuma a cikin me ya kashe ta. Da waɗannan tambayoyi biyu za mu auna hanyoyin da ke gaban matasanmu.

Hanyar albashi

Iyaye da yawa suna sa yaro lakwal da fatan ya zama ma'aikacin gwamnati. Aiki ne mai mutunci, ƙasa kuma ba ta tsayuwa sai da malaman makaranta da likitoci da alƙalai. Amma mu gaya wa juna gaskiya, albashi hanyar rufin asiri ce. Mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a Nijar ya tsaya a jika 30 da ƴan kai tun 2012, sai a 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Dattawanmu kuma ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, ga kuma bashin albashi na watanni da ma'aikata suka riƙa bin gwamnati a waɗancan shekaru.

Mu yi ɗan lissafi a misali. Wanda yake ɗaukar jika 150 a wata, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, abin da zai tara a shekara shi ne miliyan 1 da jika 800. Kafin ya tara miliyan 50 sai ya yi shekara kusan 28. To idan muka ga mai irin wannan albashi ya tsayar da gidaje cikin shekara 5, alhali bai ci gado ba, ba shi da gona, ba shi da ciniki, hankali ya san kuɗin sun biyo wata ƙofa. Matashin da ya shiga aikin gwamnati da niyyar zama attajiri ya riga ya ɗaura wa kansa ɗayan biyu, ko baƙin ciki na tsawon rai, ko cin hanci da taɓa dukiyar jama'a.

Akwai ayyuka masu albashi mai tsoka: ƙwararren likita, injiniyan ma'adinai, ma'aikacin matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, ko ma'aikacin manyan ƙungiyoyin duniya. Sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, kuma karatun likita shi kaɗai yana cin shekara 7 ko fiye bayan bak. Su ma ba su da tabbas na har abada. Kamfanin Cominak da ya fara fitar da uraniyom a Akokan a 1978 ya rufe a watan Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka koma neman abin yi.

Hanyar kasuwa

Mafi yawan manyan dukiyoyin da muka sani a Maradi da Damagaram da Tawa daga kasuwa suka fito. Alhazan Maradi na farko sun tashi ne da cinikin gyaɗa tun zamanin Turawa, suna saye a ƙauyuka suna kai wa kamfanoni. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka juya zuwa hatsi, da fata, da yadi, da sufuri, da fatauci tsakaninmu da Najeriya. Abin da matasa ba su cika tambaya ba shi ne yadda waɗannan mutane suka fara. Da yawansu sun yi shekaru suna barantaka a hannun ubangida, suna ɗaukar kaya, suna kwana a rumfa, ana gwada amanarsu da ƙananan kuɗi kafin a danƙa musu manya. Sai bayan haka ubangida yake yanka wa bara jari ya sallame shi. Jarinsu na farko amana ce, kuma ba a tara ta cikin wata 6.

Kasuwa kuma tana da nata faɗuwa. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024. Kowane karo akwai ƴan kasuwar da kayansu suka ruɓe a kan hanya, ko faɗuwar naira ta cinye musu jari. Muna ganin alhajin da ya tsaya da ƙafafunsa, muna kiran sunansa a wurin biki. Waɗanda suka fara tare da shi suka karye, suka koma ƙauye da bashi, ba wanda yake ƙirga su. Wanda ya auna sa'arsa da mutum ɗayan da ya haye, ya manta da sauran da suka nutse, ya yi lissafi da rabin alƙalami.

Hanyar gaggawa

A 2014 aka sami zinariya a Jado da Cibarakatan, dubban matasa suka kwarara arewa, wasu sun sayar da gonar gado don kuɗin mota da na'urar bincike. Ƙalilan sun samu, kuma labarinsu ne ya cika gari. Gwamnati ta rufe Jado a 2017. A watan Nuwamba na 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, nan cikin jihar Maradi, mutum 18 aƙalla suka rasu. Kafin wannan, a watan Oktoba na 2013, an tsinci gawa 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba mu ce haƙar zinariya ko tafiya ci-rani haramun ba ne. Amma rai amana ce a hannun bawa, kuma shari'a ba ta yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka saboda abin da bai tabbata ba.

Akwai kuma abin da yake haramun ƙarara: cacar ƙwallo da ta shigo cikin wayoyin yaranmu, da bashi da ruwa, da safarar ƙwayoyi, da masu cewa ka kawo jika 100 ka karɓi 130 bayan wata ɗaya ba tare da an sayi kome ko an sayar ba. Irin wannan ne MMM da ya tsaya cak a Najeriya a Disamban 2016, ya tafi da kuɗin mutane masu ɗimbin yawa. Sirrinsa ɗaya ne, kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai ginin ya rushe. Wanda ya ci riba a ciki, haƙƙin ɗan uwansa ya ci. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

To mece ce amsarmu?

Amsarmu ga matashi ita ce: dukiya mai yawan gaske rabo ce da Allah Yake ba mutane ƙalilan a kowace al'umma, kuma babu sana'ar da za ta yi maka alkawarinta. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari, ka riƙe aljihunka. Abin da yake kusa da hannun mai ƙoƙari, da yardar Allah, shi ne wadata: gida, da abinci, da karatun yara, da abin taimakon iyaye, da tsira daga roƙo. Hanyoyinta suna gabanmu. Albasar Galmi ana lodinta zuwa Gana da Kodebuwa. Ayar Maradi da wake da riɗi suna da kasuwa. Fatar jar akuyar Maradi sananniya ce har ƙasashen waje. Mai walda, da makaniki, da mai haɗa wutar sola, da magini, in sun ƙware kuma ba su saɓa alkawari, aiki ne yake nemansu. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan shekara 10 ko 15, yana rubuta shiga da fita, yana raba jari da kuɗin cefane, yana mayar da riba cikin sana'a, shi ne ya tsaya a ƙofar da babban arziki yakan shigo ta cikinta in an ƙaddara masa. In ba a ƙaddara ba, bai yi asarar addininsa ba, bai yi asarar mutuncinsa ba. Annabi Dawuda, mai sarauta da annabci, daga aikin hannunsa yake ci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, ya kuma koya mana cewa wadatar gaskiya a zuci take.

Namu laifin

Ba za mu rufe ba sai mun juyo kan kanmu, domin yaro bai ƙirƙiro wannan ƙishirwa shi kaɗai ba. Mu ne muke tashi tsaye idan mai kuɗi ya shigo, ba mu tambayi asalin kuɗinsa ba. Mu ne muke hana ƴarmu malamin makaranta mai addini, mu ba wanda ba mu san sana'arsa ba saboda yawan akwatunan da ya kawo. Mu ne muke ce wa ɗanmu: "Dubi ɗan wane, ya gina wa uwarsa gida," har ya ji zaman gida ya fi masa hamada zafi. Mu masu kula da masallatai, sau nawa muka karɓi gudummawar da zukatanmu suka yi shakkarta, sannan muka yi ta kiran sunan mai ita a lasifika? Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai abin da yake mai tsarki. Yaro yana kallon wanda muke girmamawa fiye da yadda yake sauraron wa'azinmu.

Ku kuma waɗanda Allah Ya buɗa wa, ku tuna akwai haƙƙi a kanku. Dukiyar da ta kai nisabi, wato kimanin kuɗin giram 85 na zinariya, ta kuma shekara, ana fitar da ɗaya cikin 40 daga cikinta. Bayan zakka, ku raya al'adar iyayenku ta ɗaukar yaro a koya masa ciniki, a ba shi jari idan ya nuna amana. Matashi ɗaya da kuka tsayar a rumfa, ƙila shi ne wanda da an nemi gawarsa a hanyar Libiya.

Muna roƙon Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya shirya matasanmu, Ya dawo da matafiyanmu gida lafiya, Ya sa dukiya ta zauna a hannunmu kada ta shiga zukatanmu. Amin.