Baƙon da Bai Tsaya a Zaure Ba

A zangon karatun da ya wuce, ana saura kwana uku mu raba sakamakon jarrabawa, kwamfutar da muke tara makin ɗalibai ta ƙi buɗe mana shafin lissafi. Mai gyaran da muka saba da shi kuwa ya yi tafiya wani gari mai nisa. Da na buga masa waya, sai ya ce in buɗe manhajar AnyDesk, in karanta masa lambar da ta fito, sannan in danna wajen amincewa. Ina dannawa, sai ga 'yar kibiyar nan tana yawo a fuskar na'urar, alhali hannuwana suna kan cinyata.

Wannan hikima ba ta yau ba ce. Tun 1969 aka fito da Telnet a Amurka domin mutum ya sarrafa na'urar da ke nesa da shi. A 1995 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu. TeamViewer ta zo a 2005, AnyDesk a 2014, duk daga Jamus. Ko shakka babu masana sun wahala wajen ƙera kwaɗo saboda ɓarawo. To amma wanda ka buɗe wa ƙofa da hannunka fa?

Sanin kowa ne, baƙo a gidan Bahaushe yakan yi sallama ya tsaya a zaure. Ko magini aka kira ya gyara rufin ɗaki, sai an ce wa matan gida su kintsa, yaro ya shige masa gaba, shi kuma ya sunkuyar da kai har ya isa inda aikinsa yake. Ba tsoron maigida kaɗai ke sunkuyar da kan nan ba, har da kunya, domin ana ganinsa, shi ma yana ganin masu ganinsa. Mai gyarana ba wanda ya ga fuskarsa. Yana can, wataƙila da kofin shayi a hannu, ga shi kuma a tsakar gidana. Wani zai ce ai ina kallon duk inda kibiyar ta nufa. Haka ne, sai dai rabin abin da yake taɓawa ban san ma'anarsa ba, kallona bai wuce na akuya da talabijin ba.

Abin da ya fi damuna ma ba nasa ba ne, nawa ne. A cikin na'urar nan akwai makin yara fiye da ɗari uku, da takardar gargaɗin da aka rubuta wa wani abokin aikinmu, da wasiƙar wani uba da ke roƙon a ɗaga masa biyan kuɗin makaranta saboda halin da ya shiga. Ni ajiya aka ba ni. Shin mai riƙon ajiya yana da ikon ba wani izinin shiga ɗakin da ba nasa ba, don kawai aiki ya matse shi? A lokacin ko tunanin haka ban yi ba, sakamako kawai nake so ya fito.

Bawan Allah ya gama aikinsa cikin minti ashirin, ya ce in rufe manhajar. Ban ga ya buɗe abin da bai shafe shi ba, kuma na yarda da shi har yau. Washegari na kwashe takardun nan na mayar da su wata ma'ajiya mai kalmar sirri. Da uban nan ya zo karɓar sakamakon ɗansa, mun gaisa a bakin ofis, na yi niyyar gaya masa, sai na ji na kasa.