Gasa Yakutu Kafin Sayarwa: Halal Ne Ko Algus?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wani ɗan'uwa daga Kalgo, mai saro ɗanyen safaya, wato shuɗin yakutu, daga tsaunin Mambila, ya aiko da tambaya: shin ya halatta a gasa dutsen kafin a yanka shi a sayar?

To, ɗan'uwa, gashin kansa ba laifi ba ne. Masu wannan sana'a a Tailan da Siri Lanka sun daɗe suna sa dutse cikin wuta mai zafin da kan haura digiri 1,500, sai hazon cikinsa ya washe, shuɗinsa ya fito. Wani dutsen kuwa tsagewa yake yi, jari ya salwanta. Wannan sai ka shawarci masana.

Inda shari'a ta sa ido shi ne ranar ciniki. Dutsen da wuta ba ta taɓa ba ya fi gasasshe tsada nesa ba kusa ba, ga shi ido ba ya rarrabe su. In ka yi shiru mai saye ya biya kuɗin wanda ba a gasa ba, ka yi algus, kuma almajiran zaurukan Gwandu sun san hukuncinsa tun daga Risala. Annabi (S.A.W.) ya hana a tara nono a hantsar tunkiya don a ruɗi mai saye, har ya ba shi damar mayar da ita tare da sa'in dabino. Malamanmu na Malikiyya suka ce a bayar daga abincin garin, a wajenmu gero ke nan ko shinkafa.

Kada ka ce ai kowa haka yake yi. Ka gaya wa dillali gasasshe ne, a kuma rubuta a takardar ciniki. Allahu a'alamu.